Sana'ata a Gefen Tafkin Ness da Labarin Gidan Boleskine

Kamfanina ƙarami ne: mota biyu, kowacce mai ɗaukar fasinja takwas, ni da direba ɗaya, sai maiɗakina da ke amsa waya tana rubuta waɗanda suka kama kujera. Daga birnin Inverness da ke arewacin Sikotland muke kwasar 'yan yawon buɗe ido, mu zagaya da su tafkin Loch Ness, mu dawo da su kafin dare.

Manyan bas-bas sun fi bin gaɓar arewa, inda titi yake da faɗi kuma kangon fadar Urquhart yake. Ni gaɓar kudu na zaɓa, titin B852, wanda asalinsa hanyar soja ce da Janar Wade ya sa aka shimfiɗa a shekarun 1730. Wurare da yawa mota ɗaya kawai yake ci. In kun yi kiciɓis da wata motar, dole ɗayanku ya raɓe a ɗan filin da aka ware don haka, wani lokacin sai ka ja da baya, tafki na gefenka. Tafkin kuwa ba na wasa ba ne, tsawonsa ya kai kilomita 36, zurfinsa a wani wurin mita 230, ruwansa baƙi wuluk. Babbar bas ba ta son wannan hanya, shi ya sa ta zama tukunyar abincina.

Da farko na ɗauka Nessie, dodon ruwan da ake cewa yana cikin tafkin, shi zai riƙa kawo min mutane. Yana kawowa. Amma kusan kowane mako sai an sami wanda tun kafin ya ɗaura bel zai ce, "Za mu bi ta Boleskine?"

Gida ne a kan tudu, kusa da ƙauyen Foyers, yana kallon tafkin, maƙabarta na ƙasansa a tsallaken titi. Iyalan Fraser ne suka gina shi, ana danganta farkon gininsa da Kanar Archibald Fraser a shekarun 1760, a matsayin masaukin farauta. Sunansa ya fita duniya ne bayan 1899, lokacin da Aleister Crowley, Baturen Ingila da ya shahara da tsafe-tsafe, ya saye shi don wani aikin tsafi na wata shida, wanda sharaɗinsa keɓaɓɓen gida mai ƙofa da ke fuskantar arewa. Bai ƙarasa ba ya tafi Faransa. Daga nan mutane suka soma cewa ya kira aljanu bai sallame su ba. Ya rabu da gidan a 1913. A farkon shekarun 1970 Jimmy Page, makaɗin jita na ƙungiyar mawaƙan Led Zeppelin, ya saye shi, bai cika zama a ciki ba, abokinsa ne ya riƙa kula da shi har aka sayar a 1992.

Almara kuwa sai wadda kake so. Ana cewa coci ne a wurin a da, ya kama da wuta da mutane a ciki. Ana cewa akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa daga gidan zuwa maƙabarta. Wadda fasinjoji suka fi so ita ce ta Lord Lovat, wai da tsakar dare ana jin kansa da aka fille yana gangarawa a barandar gidan.

A kan wannan ta ƙarshe nake daɗewa. Simon Fraser, wato Lord Lovat, mutum ne na gaske. An fille masa kai a Landan a 1747 saboda goyon bayan tawayen da aka murƙushe a yaƙin Culloden a 1746, kuma shi ne na ƙarshe da aka yi wa irin wannan hukunci a Birtaniya. Ka lura da shekarar: an kashe shi tun ba a aza harsashin gidan ba. Har akwatin gawar da aka daɗe ana cewa nasa ne, a hubbaren Wardlaw da ke Kirkhill, masana sun buɗe shi, a 2018 suka sanar cewa ƙasusuwan wata matashiyar mace ne a ciki. Duk sa'ad da na faɗi wannan, motar kan yi tsit fiye da yadda take yi in ana maganar fatalwa.

Ba haka na fara ba. A shekarata ta farko ina ƙara wa miya gishiri, ina sassauta murya, ina faɗin almara kamar da idona na gani, domin na lura hakan na kawo ihsani. Wata rana da yamma muna tsaye a maƙabartar, ina tsakiyar labarin cocin da ya ƙone, wasu samari biyu na dariya suna ɗaukar hoto a jikin wani kabari. Ashe wata dattijuwa na durƙushe can gefe tana cire ciyawa da ɗan ƙaramin almakashi, safar hannunta duk laka. Ta miƙe da ƙyar, ta jira na kai aya, sannan ta ce, "Ɗana, iyayena suna kwance a nan. Ka gaya wa baƙinka haka ma."

Kunya ta rufe ni. Na ba ta haƙuri, na mai da mutanena mota. Tun daga ranar, kafin kowa ya sauka sai na ce masa nan makwancin mutane ne, ba a hawa kabari, ba a ɗaga murya. Almara ina ba da ita, don ita ma dukiyar mutanen wurin ce, amma kowacce da "an ce" nake buɗe ta. Abin da ke rubuce a tarihi kuma in faɗe shi da shekararsa. Akwai waɗanda hakan bai yi musu daɗi ba. Wani ya taɓa rubuta a intanet cewa na ɓata masa nishaɗi, abin ya dame ni kwana biyu, don ƙaramin kamfani da irin waɗannan sharhin yake rayuwa. Ban sauya ba.

Abin da na fi son nunawa shi ne ɗan ɗakin dutse da ke cikin maƙabartar, inda a da dangi ke kwana suna gadin sabon kabari. A farkon ƙarni na 19 ɓarayi na tone gawa su sayar wa masu koyar da likitanci, sai da dokar 1832 ta samar da halastacciyar hanya sannan cinikin ya mutu. Ka tsaya a bakin ƙofar ɗakin cikin hunturu, iskar tafki na ratsa rigarka, ka tuna wani ya kwana a nan saboda mahaifiyarsa.

Gidan kansa ya sha wuya. Gobara ta cinye mafi yawansa a Disambar 2015, wata ta sake tashi a Yulin 2019, shekarar da gidauniyar Boleskine House ta karɓe shi ta shiga gyara. Na ga lokacin da ba rufi, sai bango da baƙin hayaƙi, na kuma ga magina suna mai da shi gida a hankali. Ba na barin kowa ya tsallake shinge. Mai son shiga ya bi ta hannun masu wurin.

Aikinmu na bazara ne, lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba. Da hunturu duhu na shiga tun kafin ƙarfe huɗu, sai mu ajiye mota ɗaya, mu yi gyaran birki da taya, mu sabunta inshora da lasisi. A watannin nan ne nake zuwa laburaren Inverness da ɗan littafina, ina sake duba shekarun da zan faɗa wa baƙin baɗi.