Hutun hannu a filin kokawa

Ɗana na biyu yana da shekara 12, kuma shekara uku ke nan yana buga besbol, wasan da yawancin maƙwabtanmu a Kubwa ba su taɓa ganinsa ba sai a talabijin. Wasan ba baƙo ba ne a Abuja kamar yadda ake zato, domin an buga shi a Gasar Wasannin Afirka ta 2003, har aka tanadar masa wuri a harabar babban filin wasa na ƙasa, wanda yanzu ake kira da sunan Moshood Abiola. Wani malamin motsa jiki ne ya tara yaran unguwa yana koya musu, da ya lura yaron yana da hannu sai ya mai da shi mai jifa, wato wanda yake tsayawa a tsakiyar fili yana wurga ƙwallo ga mai riƙe da sanda. Tun daga lokacin babu Asabar ɗin da ta wuce bai yi jifa ba, kuma a sauran ranaku bangon bayan gidanmu ne yake shan wahala.

Wata rana a watan Oktoba na ce ya kawo mini buta zan yi alwala, sai ya miƙo ta da hannun hagu. Har na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na ga ya manna hannun dama a jikin cikinsa kamar mai ɓoye wani abu. Da na matsa masa ya ce, “Abba, gwiwar hannuna ce take ciwo, amma don Allah kada ka gaya wa koci.” Ashe mako uku yana fama, yana tsoron kada a ba wani yaro gurbinsa. Likitan ƙashi ya ɗauki hoto, ya ce babu karaya, amma ya nuna mini wani ɗan wuri ta cikin gwiwar inda ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba, guringuntsi ne da ƙashi yake tsirowa daga gare shi, kuma duk jifan da aka yi ta saman kafaɗa wurin nan yake fizga. Ya yanke mana mako shida ba jifa, sannan ya ƙara da cewa in aka koma gidan jiya, ciwon ma zai koma.

Wannan ne ya sa na zauna na karanta yadda masu wasan suke bi da matsalar a ƙasarsu, Amurka. Ƙwallon besbol ba ta wuce giram 145 ko kusa da haka ba, kuma yara sa'annin ɗana daga nisan kamar mita 14 suke jifa, saboda haka mai kallo ba zai ga abin da zai lahanta hannu ba. Maimaici ne yake lahantawa. Tun 1974, lokacin da likita Frank Jobe ya yi wa ɗan wasa Tommy John tiyatar sauya jijiyar gwiwar hannu, aikin ya zama ruwan dare a tsakanin masu jifa, har ya gangaro kan samari 'yan sakandare. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya gano cewa matasan da suke jifa a gasa fiye da wata takwas a shekara sun ninka sauran kusan sau biyar wajen yiwuwar a yi musu tiyata. Ƙungiyar Little League, mai shirya gasar besbol ta yara, ta fara ƙidayar jifa a 2007, sannan a 2014 hukumomin wasan suka fitar da ƙa'idojin da suka kira Pitch Smart: yaro mai shekara 11 zuwa 12 kada ya wuce jifa 85 a yini, in ya kai 66 ya huta kwana huɗu, kuma a kowace shekara ya yi aƙalla wata huɗu bai yi jifa a gasa ba, biyu zuwa uku daga ciki a jere, ba tare da ya ɗaga hannu ya wurga komai ba.

A arewacin Amurka sanyi ne yake tilasta wannan hutu. Dusar ƙanƙara takan rufe fili, makarantu su koma wasannin cikin ɗaki, kuma kokawa tana cikin wasannin hunturu a makarantunsu, besbol kuwa sai sanyi ya wuce. Mu a Abuja babu abin da yake rufe mana fili. Ruwan Agusta yakan hana wasa na yamma ɗaya, washegari a dawo. Saboda haka in uba bai yanka wa ɗansa lokacin hutu da kansa ba, babu yanayin da zai yanka masa. Sai dai duk wanda ya haifi yaro mai shekara 12 ya san cewa “zauna ka huta” magana ce da ba ta kwana. In ka karɓe ƙwallo, zai sami lemo ko dutse.

A nan ne na tuna ƙauyenmu ta wajen Sakkwato. Muna yara ba a kokawa da damina, domin ƙarfin samari na gona ne. Sai kaka ta yi, an kai gero rumbu, sannan a ji ganga a dandali, samari su ɗaura walki su fito. Kowane aiki da lokacinsa, kuma gaɓar da ta yi wata huɗu tana sunkuye da fartanya takan sami wani aikin na daban. Sai na ga me zai hana in kai yaron kokawa a lokacin hutunsa. Na yi tambaya a kasuwar Dei-Dei, aka haɗa ni da wani dattijo mai sayar da albasa, wanda ya yi tashe a kokawa a ƙuruciyarsa, kuma yana tara yaran 'yan kasuwa da yamma a wani fili da ya sa aka zuba masa yashi.

Mahaifiyar yaron ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce, “Baban yara, yaron da muke jinyar hannunsa, shi za ka kai a riƙa maka shi da ƙasa?” Tana da gaskiya, kuma saboda maganarta ne muka jira har makonni shidan suka cika, likita ya matsa wurin bai ji zafi ba, sannan muka fara a farkon Disamba.

Mako biyu na farko yaron bai kama kowa ba. Dattijon ya sa shi ya yi ta faɗuwa a kan yashi, ta gefe, ta baya, da dungure, haɓa a manne da ƙirji, kuma duk sanda ya miƙa hannu zai tare ƙasa sai a ce ya sake. Da na yi masa bayanin ciwon, ya kama gwiwar ya juya ta a hankali kamar mai duba albasa, ya ce, “Alhaji, hannun da ya riga jiki isa ƙasa shi ne yake karyewa, bari in fara raba shi da wannan.” Bayan faɗuwa sai tsayuwa. Kalmar da na fi ji a filin nan ita ce “sauko da ƙugu”. Yaro zai buɗe ƙafa, ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙe baya, wani ya zo yana tura shi ta kowace fuska, shi kuwa aikinsa kada tafin ƙafarsa ya bar inda yake. A ranar farko minti ɗaya bai cika ba cinyoyinsa suka fara rawa.

Ina zaune a kan benci ina kallo sai na gane inda wasannin biyu suka haɗu. Mutane suna ɗauka da hannu ake jifa, alhali hannu shi ne na ƙarshe a layi. Mai jifa yakan tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya tura ƙasa da ita, ya dasa ta gaba, ƙugu ya juya, gangar jiki ta biyo, kafaɗa ta biyo, sannan hannu ya saki ƙwallo. In ƙafa da ƙugu ba su kawo rabonsu ba, gwiwar hannu ce take biyan bashin, kuma haka yakan faru idan yaro ya gaji a ƙarshen wasa. To ɗan kokawa ma da ƙasa yake ɗaukar ƙarfi: wanda zai ɗaga abokin karawarsa ko ya kauce wa taɗiya, da cinya da ƙugu da tsokar ciki yake yi. Riƙon da ake yi kuma yana gina tsokar da ke tsakanin wuyan hannu da gwiwa, wadda take taimakon jijiyar da jifa yake wahalarwa. Mai bugu da sanda ma da juyin ƙugu yake aiki, balle mai tsugunne a bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, wanda tsayuwar 'yan kokawa kamar dominsa aka yi ta.

Duk da haka ba zan ce kokawa tana koya jifa ba. Ba ta koyarwa. Babban amfaninta a wurina shi ne ta raba yaron da ƙwallo wata uku ba tare da rigima ba, domin yakan dawo gida a gajiye, ya yi wanka, ya ci tuwo, bangon bayan gida ya sami lafiya.

Na kuma yi tunanin kai shi kokawar zamani ta kan katifa, irin wadda Daniel Igali, ɗan asalin Bayelsa, ya ci wa Kanada zinare da ita a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, Blessing Oborududu kuma ta samo wa Najeriya azurfa a gasar Olamfik ta Tokiyo. Katifa ta fi yashi aminci, wannan babu musu. Amma a can faɗuwa ba ta ƙare wasa, ana ci gaba a ƙasa ana murɗa mutum don a manna kafaɗunsa biyu, kuma a irin wannan murɗar ce ake janye hannu zuwa baya. A tamu ta gargajiya, da an kai mutum ƙasa an gama. Ga yaron da kafaɗarsa ita ce jarinsa, na ga wannan ya fi mini kwanciyar hankali. Dambe kuwa, duk da gidansa yana nan kusa a Dei-Dei kuma yaron ya roƙa, ban ko saurare shi ba, domin bai kamata hannun da ake hutarwa a naɗe shi da zare a ce ya yi duka ba.

Akwai sharuɗɗan da na kafa tun farko. Ba za a haɗa shi da wanda ya fi shi nauyi sosai ba, kuma ba za a ce ya rage cin abinci ko shan ruwa don ya shiga wani ajin nauyi ba. A ƙarshen 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa sun mutu a Amurka cikin 'yan makonni wajen ƙoƙarin zubar da nauyi da gaggawa, abin da ya sa aka sauya dokokin awo a can, kuma yaro mai girma ba shi da nauyin da zai zubar. Wanka da sabulu da zarar an dawo wajibi ne, saboda makero ba ya jin kunyar bin fata zuwa fata. Da hunturu ya tsananta ƙasa ta bushe ta yi tauri, mu iyaye muka haɗa kuɗi aka ƙaro yashi. Maganar laya da guru kuwa dattijon da kansa ya rufe ta, ya ce ya bar su tun da ya dawo daga Hajji.

A mako na biyar wani yaro da bai kai shi tsawo ba ya kama masa ƙafa ya kayar da shi a gaban kowa. A besbol mutum tara ne a fili, in an ci ku akwai wanda za a ce shi ya saki ƙwallo. A nan babu kowa sai shi da yashin da ya cika masa kunne. Ya yi shiru tun daga Dei-Dei har muka shiga Kubwa, sannan ya ce, “Abba, ƙuguna ne ya tashi.” Ban ce masa komai ba, domin ya riga ya faɗi abin da zan faɗa.

Ya koma jifa a watan Maris, daga nisan mita goma, jifa 25, yau a yi gobe a huta, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako shida kafin ya tsaya a gaban mai bugu. Ba mu da na'urar auna gudun ƙwallo, don haka ba ni da lambar da zan nuna wa kowa. Abin da kocinsa ya lura da shi shi ne ƙafar gaba ta daina lanƙwashewa idan wasa ya yi nisa. Ni kuma yanzu ina zama a gefen fili da ɗan littafi da biro ina yin zane ɗaya ga kowane jifa, kuma mun yi yarjejeniya da koci cewa in na ɗaga littafin sama, ko ana tsakiyar cin wasa ne, za a sauya shi. Sau biyu na ɗaga, sau biyu yaron ya fito yana kumbura. Mun ajiye magana da dattijon cewa za mu dawo a farkon Nuwamba in Allah ya kai mu, kuma iyayen yara biyu daga ƙungiyar besbol ɗin sun ce in tanadar musu wuri a mota.