Aikin gaske tsofaffi suke so a ba su

Ni ke tsara ayyukan yini a wani gidan kula da tsofaffi, kuma gaskiya jadawalin nan da ke manne a bango, yau kiɗa, gobe kati, jibi motsa jiki a kan kujera, kusan ba wanda ya damu da shi. An turo kekensu sun zo, sai gyangyaɗi.

Aiki ne ya farkar da su. Na riƙa tambayar 'ya'yansu wace sana'a suka yi a da. Wani baba tsohon tela ne, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa har sunan 'yarsa ɓace masa yake, amma da na miƙa masa riga da allura da maɓalli wallahi hannun bai manta komai ba, har faɗa ya yi min wai zaren bai dace da yadin ba, ranar kamar in yi kuka don daɗi.

Abin ba sabo ba ne ma. Tun 1976 wasu masana halayyar ɗan'adam, Ellen Langer da Judith Rodin, suka gwada a wani gidan tsofaffi a Amurka, wasu aka ba su shuka su kula da ita da kansu su kuma zaɓi al'amuransu, wasu nas ke musu komai. Bayan wata 18, kashi 15 cikin ɗari ne suka rasu a rukunin farko, ɗaya rukunin kuwa kashi 30.

Amma maganar tawul har yau tana ci min rai. Wata mama ninke tawul ne aikinta da yamma, daidai lokacin da masu mantuwa suka fi rikicewa, yana kwantar mata da hankali sosai. Sai wata sabuwar ma'aikaciya ta kwashe wanda ta gama ta zazzage a kwando a gaban idonta, wai don ta sake samun abin yi. Mama ta dube ta ta ce, "'Yar nan, ashe wasa kuke da ni?" Shi ke nan ta daina. Makonni ina lallashi, sai da na riƙa tafiya da ita tana jera tawul ɗin a ɗakin wanka da hannunta kafin ta yarda ta dawo.

Don Allah in za ku ba su aiki ya zama wanda za a yi amfani da shi, kuma ku faɗa wa kowane ma'aikaci dalili, har masu aikin dare da sababbin zuwa. Mutum na iya manta sunanka amma yana gane raini sarai, ita dai maman nan har yanzu sai ta leƙa kwandon kafin ta zauna.