Muryar da na tashi da ita

Yau a walimar aure a unguwar Bukoki wani dattijo ya karɓi mikro zai yi wa ango nasiha, yana yin sallama sai tsigar jikina ta tashi, wallahi muryar nan ce da baba ke kamawa a Muryar Sahel, gidan rediyon ƙasar Nijar, lokacin labaran Hausa. Ashe shi ne, ya bar gidan rediyo bayan taron ƙasa na 1991, ya zama depite, wato ɗan majalisa, a zaɓen 1993, daga baya minista.

Hannunsa na rawa amma bai duba takarda ba, ko kalmar Faransanci ɗaya bai saka ba, har samarin da ke danna waya suka ɗago kai. Ni dai ina so a naɗi hirarsa tun yana da ƙarfi, yarana ma su ji shi.