Madubi a Ƙarƙashin Gungume

Abu na farko da jagorarmu ta miƙo mini a bakin dajin Biyalowiyeza shi ne ɗan madubi mai mariƙi, irin na likitan haƙori. Na juya shi a hannu, na dube ta. Ta ce in sa a aljihu kawai, zan ga amfaninsa kafin hantsi.

Daga Warsaw muka taso a jirgin ƙasa zuwa garin Hainufka, daga nan mota ta kai mu ƙauyen Biyalowiyeza, dab da iyakar Foland da Belarus. Watan Satumba ne, an kwana biyu ana tafka ruwa. Yawancin baƙi ɓaunar Turai ce take kawo su wannan daji da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1979. Mu biyar ɗin nan kuwa ruɓaɓɓen itace muka zo gani, ko in ce naman kazar da ke fitowa a jikinsa. A ɓangaren da aka killace ba a shiga sai da jagora mai lasisi, ba a tsinkar ko ganye ɗaya, kuma duk bishiyar da ta faɗi nan za ta kwanta har ta koma ƙasa. Shi ya sa gungumaye suke jibge ko'ina, gansakuka ta lulluɓe su, wasu in ka taɓa sai su marmashe.

Ba mu yi nisa ba na yi abin kunya. Na hango wasu 'yan fayafayai jere a jikin reshe, masu zane-zane launin ƙasa da ruwan toka kamar buɗaɗɗiyar wutsiyar talotalo. Da ma na kwana ina haddar hotuna, sai na ɗaga murya na ce Trametes versicolor ce.

"Malam, ka duba ƙasanta?"

"Malama, ai ga bayanta nan, ba ta ɓuya."

"Baya ba ya faɗin gaskiya. Fito da madubinka."

Na durƙusa a cikin laima, na zura madubin. Sumul, babu rami ko ɗaya. Ita Trametes ta ainihi ƙasanta fari ne mai ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura, guda uku zuwa biyar ko fi a kowace milimita. Wadda na gani 'yar gidan Stereum ce, mai aron kayan wata. Na yi shiru, na goge gwiwata.

Daga nan na fahimci tsarin aikin: tambaya ta farko ita ce yadda ƙasan naman kazar yake. Ƙasan nan shi ne wurin da ƙwayoyin iri suke fitowa, kuma a kan siffarsa masanin nan ɗan Suwidin, Elias Fries, ya gina rabe-rabensa tun daga 1821: masu ramuka, masu faifai-faifai kamar shafukan littafi, masu haƙora, masu santsi. A jikin wani tsohon kututturen bishiyar da ake kira ok, madubina ya nuno mini ramuka masu lanƙwasa suna shiga juna kamar lungunan da ba su da mafita. Wannan ita ce Daedalea quercina. Ita kam na so ta, domin ba ta da yaudara.

Tambaya ta biyu kullum ita ce: wane itace ne? Fomitopsis betulina, mai laushi kamar dunƙulen fata, ba ka samunta sai a jikin bac, bishiyar nan mai farin ɓawo. Idan ka ga mai kama da ita a wani itace daban, to sake lissafi. Matsalar ita ce gungumen da ya shekara ashirin a kwance ba shi da ganye, ɓawonsa ma ya zube, sai ka koma kana tuhumar itacen kafin ka tuhumi abin da ke cinsa.

Tambaya ta uku ce ta fi kama ni, wato yadda itacen ya ruɓe. Jagorar ta nuna mana gungumaye biyu kusa da juna. Ɗaya ya zama jaja-jaja, ya tsattsage murabba'i-murabba'i kamar gawayi. Ɗayan ya yi fari fat, ya zama zare-zare, jiƙe da ruwa kamar soso. Itace, in ji ta, zare ne da danƙon da ke riƙe shi: zaren shi ne selulos, danƙon kuma lignin. Wasu fangas, wato dangin naman kaza, zaren suke cinyewa su bar danƙon, shi ne jan ruɓa. Wasu kuma suna iya narkar da danƙon kansa, shi ne farin ruɓa. Ashe abin da muke gani a waje 'ya'ya ne kawai. Ainihin halittar tana cikin itacen, siraran zaruruwa ne da suka ratsa shi. Ko ba ta fito ba, sawunta yana nan.

Washegari muka fita wajen killataccen ɓangaren, inda ake iya kankaro ɗan ɓawo. Da dare a masauki jagorar ta baje naman kazar da muka samo a kan tebur. Akwai guda biyu masu kama da kofaton doki da suka ruɗa mu duka. Ta kyasta ashana ta kara wa na farko, ɓawon ya narke yana ƙyalli kamar ƙaro: Fomitopsis pinicola. Na biyun bai narke ba, sai dai ya babbake. Ta ɗiga wa wani ɓarinsa ruwan sinadarin KOH, ruwan ya koma ja mai duhu: Fomes fomentarius. Wannan ta biyun tsohuwar abokiyar ɗan Adam ce wajen kunna wuta. Otzi, mutumin da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, wanda ya rayu sama da shekara 5,000 da suka wuce, yana ɗauke da ita a jakarsa, tare da guntayen waccan ta jikin bac.

Har na fara jin na iya, sai ta ɗauko wata mai faifai-faifai a ƙasa, ta ce in sa ta a gidanta. Na sa ta cikin masu faifai, mana. Ta yi dariya. Da can sunanta Lenzites betulina, amma binciken DNA, wato ƙwayoyin gado na halitta, ya nuna 'yar uwar Trametes ce ta jini, duk da ba ta da ramukansu. Tun 2012 masana suka amince da wani yanki na DNA da ake kira ITS a matsayin babbar shaidar tantance fangas, kuma gidaje da dama da Fries ya gina sun rushe. Ni dai ban ga laifinsa ba. Da ido da ɗan gilashi ya yi aikinsa, kuma har gobe mai shiga daji da tsarinsa yake farawa.

Ranar ƙarshe na mirgina wani ɗan gungume, na tarar da farin abu shimfiɗe a ƙasansa kamar an shafa fenti, ba hula, ba kara. Na duba da gilashi mai ƙara girma sau goma, na shinshina, na kira ta.

"Malama, wannan fa?"

Ta daɗe tana kallo. Ta ce irin waɗannan masu shimfiɗa ɗaruruwa ne, sai an sa ƙwayoyin irinsu a madubin ɗakin bincike an auna, wani lokaci ma sai DNA. Ta sa na rubuta kwanan wata, da irin itacen, da launin ruɓar, da ƙanshin. Gurbin suna na bar shi fayau. Sannan ta ce in mayar da gungumen yadda na same shi, fuskar da ke ƙasa ta koma ƙasa, kada rana ta busar da ita.