Tambayar da Ban Yi wa Manomi Ba

Na shiga Jami'ar Ahmadu Bello da lissafin cewa shekara biyar zan yi a tsangayar aikin gona da ke Samaru, amma sai da na kusa cika bakwai kafin na fito, saboda annobar korona da yajin aikin malamai na 2020, da kuma na 2022 wanda ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan na kammala hidimar ƙasa, Allah ya sa na dace da aiki a wani kamfani mai sayar da iri da taki da magungunan feshi a nan Zariya, inda aka ɗauke ni a matsayin malamin gona mai ba manoma shawara. Ranar da na fara zuwa, mahaifiyata ta raka ni har zaure tana sa mini albarka, domin ta san yadda takardun neman aiki suke tsufa a hannun 'ya'yan maƙwabta.

Na isa wurin aikin da ilimin da nake alfahari da shi, kuma har yau ina alfahari da shi. Na yi karatu a inuwar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta fitar da ire-iren masarar SAMMAZ da dawar SAMSORG da waken SAMPEA da manoman Arewa suke shukawa. Na haddace cewa hekta ɗaya ta masara a yankinmu tana buƙatar kilo 120 na sinadarin naitirojin, wato kimanin buhu takwas na takin NPK 15:15:15 da buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya, kuma tazarar shuka santimita 75 ce tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami. Abin da ban lura da shi ba a duk shekarun nan shi ne, tambayar jarrabawa takan zo wa ɗalibi a cike. Malami ya riga ya faɗi girman gonar, ya faɗi irin ƙasar, ya faɗi abin da aka shuka, saura kawai ɗalibi ya yi lissafi. Manomi kuwa rabin tambayarsa yake kawowa shago, sauran rabin yana can gona, kuma ba don ɓoyewa ya bar shi ba, sai don a wurinsa abu ne sananne da bai kai a faɗa ba.

A tsakiyar watan Yuni, lokacin da ruwa ya zauna kuma shagon ya cika har bakin ƙofa, wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen Giwa ya tsaya a gabana, ya ce, "Malam, maganin ciyawa nake so na masara, wanda ake fesawa bayan an yi shuka." Na ce masa, "To, Baba, an gama." Na ɗauko masa maganin da ke ɗauke da sinadarin atirazin, na yi masa bayanin awo da yadda zai fesa a kan ƙasa mai danshi kafin tsiro ya fito. Amsar daidai take da tambayar, domin masara tana jure wa atirazin, kuma da a jarrabawa ne da na ci makin duka. Ya kwance kuɗinsa daga aljihun 'yar ciki, ya biya, ya yi godiya, ya tafi.

Bayan kusan mako uku ya dawo da wata baƙar leda a hannu. Bai ɗaga murya ba, ya bari sai da mutane suka ragu sannan ya buɗe ta a kan teburina. Tsiron waken soya ne a ciki, gefen ganyen ya yi rawaya, wasu sun bushe ƙurmus kamar an babbake su. Ashe gonarsa haɗaka ce, kunya biyu masara, kunya biyu waken soya, kamar yadda manoma da yawa suke yi a ƙasar Zazzau don kada su dogara da amfani ɗaya. Atirazin yana kashe tsiro mai faɗin ganye, kuma bai san bambancin ciyawa da waken soya ba. Na san wannan sarai, na ma rubuta shi a jarrabawa. Da na tambaye shi abin da ya haɗa da masarar, da na ba shi wani maganin kamar fendimetalin, wanda duka biyun suke jurewa. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ɗana, irin nan bashi na ci na saya."

A makaranta idan na yi kuskure, maki ne yake raguwa, abin ya tsaya a kaina, kuma akwai zango na gaba da zan gyara. Damina kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma wannan kuskuren nawa a gonar wani ya sauka, wanda yake da iyali da bashi. Na kwana biyu ban iya cin abinci sosai ba, har zuciyata ta fara kawo mini hujja cewa ai shi ne bai faɗa ba. Hujjar gaskiya ce, amma ba ta da amfani, domin an ajiye ni a kujerar nan ne saboda ni na san abin da ya kamata a tambaya.

Wanda ya fitar da ni daga wannan hali shi ne dattijon da ke kula da sito, mutumin da bai wuce firamare ba amma ya fi shekara ashirin yana harkar kayan gona. A makonnina na farko gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma dole in faɗi gaskiya cewa ina ganin aikinsa bai wuce ƙirga buhuna ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ka je wajen manaja da bakinka kafin labari ya riga ka, kuma ka tafi da abin da za a yi, kada ka tafi da haƙuri kaɗai." Muka zauna muka duba. Ba za a iya sake shuka waken soya a kunyoyin nan ba a wannan daminar, saboda maganin yakan daɗe a cikin ƙasa, amma dawa tana jure masa kamar masara, kuma lokacin shukarta bai wuce ba. Na shiga ofishin manaja na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure," na zayyana masa komai. Ya yi mini faɗa mai zafi, wanda na cancanta, sannan ya amince a ba dattijon irin dawa mai saurin nuna, ni kuma na ɗauki nauyin wani ɓangare na kuɗin irin da ya yi asara.

Wannan kuɗin daga albashina ya fita, kuma albashin farko ba ya da yawan da ake zato. Bayan an cire kashi takwas cikin ɗari na fansho, kamar yadda dokar 2014 ta tanada, abin da ya rage bai yi wa alawus ɗin hidimar ƙasa nisa ba, wanda ya koma naira 77,000 a 2025. Ga kuɗin mota kullum daga Tudun Wada, ga ƙanne da dangi da suka ji an ce yaya ya samu aiki. Duk da haka ban taɓa kashe kuɗin da ya kwantar mini da hankali kamar wannan ba.

Tun daga ranar na koma ɗalibin mai kula da sito. Shi ya nuna mini cewa idan manomi ya ce kadada, sai na bincika ko eka yake nufi ko hekta, domin hekta ɗaya ta kusa kai eka biyu da rabi, kuma wannan bambancin kaɗai ya isa ya ƙona gona ko ya sa magani ya ƙi ci. Shi ya koya mini in daina maganar mililita, in yi awo da gwangwanin madara da murfin kwalba, in kuma tambayi ko famfon feshin mai lita 16 ne ko mai 20. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, na kuwa taso ina ɗauka mai neman sani ake yi wa wannan karin maganar, sai a shagon nan na gane ta fi hawa kan wanda aka zo nema wajensa. Yanzu ba na miƙa wa kowa kwalba sai na ji me ya shuka, me ya haɗa da shi, yaushe ya shuka, da kuma abin da yake niyyar sakawa a gonar bayan an cire wannan. Wasu sukan ƙosa, musamman idan layi ya yi tsawo, sai in ba su haƙuri in ci gaba da tambaya.

A ƙarshen Oktoba na hau babur na je gonar dattijon. An riga an karye masarar, dawar kuma ta fitar da kai ta fara nuna a kunyoyin da waken soya ya mutu. Ya zagaya da ni har ƙarshen gonar, ya nuna mini wani gefe da ciyawar wuta-wuta ta fara kamawa, ya tambaye ni abin da zai yi mata baɗi. Muka zauna a gindin wata ɗorawa, na ciro littafina, na fara tambayarsa shekara nawa ya yi yana shuka hatsi a wannan gefen ba tare da ya canza ba.