Kullen taron bidiyo: wa ke riƙe da makullin?

Duk manhajar taron bidiyo da za a kawo wa wata ma'aikata a Yamai, mai tallarta zai ce a kulle take, wato an ɓoye murya da hoto ta yadda sai mai makulli ne zai iya buɗewa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai aikin girka irin waɗannan manhajoji yana koya wa mutum cewa kulle iri biyu ne, tambaya ɗaya kuma ke raba su: sabar da ke tsakiya, wato kwamfutar da murya da hoto ke bi ta cikinta, tana da makulli ko ba ta da shi?

Yawancin manhajojin da ke aiki cikin burauza an gina su ne kan tsarin kira na WebRTC, wanda tilas yake kulle murya da hoto da wata ƙa'idar kulle mai suna DTLS-SRTP. In mutum biyu ne ke magana kai tsaye, hakan ya wadatar. Da an kai takwas lissafi ya canza. In kowa zai aika wa kowa hotonsa, kowace waya za ta tura kwafi 7. A kan kilobit 500 kowanne, megabit 3.5 ke nan a daƙiƙa, abin da da wuya layin salula ya jure tsawon awa guda. Shi ya sa ake sa saba a tsakiya, wadda ake kira SFU, kowa ya tura mata sau ɗaya ita ta rarraba. To kullen DTLS-SRTP a wurinta yake ƙarewa. Takan buɗe, ta sake kullewa ga kowane mai karɓa. Wannan kullen zango-zango ne: mai leƙe a kan wayifai na otal ba zai ga komai ba, amma mai sabar, ko wanda ya kutsa cikinta, yana iya kallon taron.

A kan wannan aka kama Zoom a 2020. Kamfanin yana cewa kullensa daga hannu zuwa hannu ne, wato ko sabarsa ba ta iya buɗewa, sai masu bincike na Citizen Lab a Toronto suka nuna a watan Afrilu cewa sabobinsa ne ke ƙera makullin, da tsarin kulle na AES-128 kuma a salon ECB mai rauni. A watan Mayu ya sayi Keybase, wani kamfanin kulle saƙonni, a Oktoba ya fito da kullen gaske na mutum har 200, a Nuwamba kuma ya sasanta da FTC, hukumar kula da ciniki ta Amurka, kan waccan da'awa.

Kullen hannu zuwa hannu rufi ne na biyu. Waya takan matse hoton, ta kulle kowane firam, wato hoto guda cikin jerin da ke yin bidiyo, da makullin da mahalarta kaɗai suka sani, sannan ta yayyanka shi fakiti-fakiti, DTLS-SRTP ya sake rufewa daga waje. SFU ta zama kamar mai karɓar saƙo a tashar mota: yana karanta sunan da ke jikin akwati ya ɗora shi a motar Tawa ko ta Damagaram, kwaɗon kuwa bai da makullinsa. Ƙa'idar SFrame, RFC 9605 ta 2024, wannan tsari ta tanada.

Masu fara aikin sukan kulle firam ɗin gaba ɗaya, sai hoto ya ƙi fitowa ko ya tsaya cik. Dalili kuwa, kowace waya takan tura hotonta hawa uku, misali 180p da 360p da 720p, SFU ta zaɓa wa kowa wanda rezonsa zai ɗauka, kuma ba ta iya sauya hawa sai a kan cikakken firam, wanda bai dogara da na bayansa ba. Dole ta gane shi. Da salon matse hoto na VP8 akan bar bayit 10 na farkon cikakken firam a buɗe, 3 na sauran, 1 na muryar da aka matse da Opus. Salon H.264 ya fi wuyar sha'ani, domin mai yanka fakiti yana neman alamomin rabuwa a cikin bayanan, kullallen bayani kuma yakan yi kama da su bisa kuskure. Akwai kuma wata lamba mai bayit 12 da salon kulle na AES-GCM ke buƙata sabuwa ga kowane firam. In aka maimaita ta da makulli ɗaya, misali manhaja ta sake tashi ta koma ƙirga daga sifili, asirin firaman biyu ya tonu, har ana iya ƙirƙiro na jabu. Babu wata alama da za ta fito a allo, taro zai ci gaba lafiya lau.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada da rabon makulli. Hanyar da ta fi jan mutane ita ce kalmar sirri ɗaya ga kowa. Sai a jefa ta cikin zauren WhatsApp mai mutum 60, alhali 12 ne aka gayyata, a ci gaba da ita wata da watanni, ma'aikacin da aka sallama ma yana riƙe da ita. A ganina wannan ya fi rashin kulle haɗari, don yana sa a saki baki. Ƙa'ida ita ce makulli ya canza duk lokacin da wani ya shiga, kada ya buɗe abin da aka faɗa kafin zuwansa, ya kuma canza in wani ya fita.

A Signal, da an shiga ko an fita, kowace waya takan ƙera sabon makulli ta aika wa sauran ta saƙon Signal, ta jira daƙiƙa 3 kafin ta fara aiki da shi. Tsari ne mai tsafta, amma in mahalarta 30 ne, saƙo 870 ke nan a kowane canji. Ƙa'idar rabon makulli ta MLS, RFC 9420 ta Yulin 2023, ta jera makullai kamar rassan itace, ta yadda a taron mutum 64 sabuntawa kan buƙaci kullewa kusan 6 maimakon 63. Webex na aiki da ita, haka Discord tun 2024.

A nan ne yanayinmu ke shigowa. Taron da ya haɗa Yamai da Agadas da Difa, rezo na yankewa, wuta na ɗaukewa, mutum ɗaya yana iya fita ya dawo sau da yawa cikin rabin awa, kowace dawowa kuma sabon zubin makulli ne ga kowa. Wayar da saƙon canjin ya wuce ta takan nuna tana haɗe, forfe na ƙonewa, amma ba murya ba hoto, don tana gwada tsohon makulli kan sabon firam. Maganin shi ne kowane firam ya ɗauki lambar makullinsa, mai karɓa ya ajiye tsohon na ƴan daƙiƙu kafin ya goge, a tara shiga da fita na kusa-kusa a canza sau ɗaya, sannan wanda ya dawo ya nemi cikakken firam nan take.

Saura wa ya ba ka makullin bayyane na abokin taronka, wanda da shi kake kulle masa saƙo. Sabar ce. In ta lalace tana iya cusa nata ta zauna cikin taro ba a gani. Don haka Zoom ke nuna lambobin tsaro a kowace waya, mai taro ya karanta da baki kowa ya duba nasa. Ba ya cin minti ɗaya, amma shi aka fi tsallakewa, musamman in manya sun zauna ana jin nauyin tsayar da su. Gara a sa shi cikin ajanda bayan gaisuwa.

Kulle yana da farashi. Opus na tura fakiti 50 a daƙiƙa, hatimin da AES-GCM ke liƙa wa kowanne don gane jabu bayit 16 ne, wato ƙarin kilobit 6.4 kan muryar da ba ta wuce 24 ko 32 ba. SFrame ta yarda da gajeren hatimi na bayit 10, 8 ko 4 don haka. Zafin da waya ke yi a watan Afrilu kuwa ba laifin AES ba ne, nuna hotuna da yawa ne. A rage yawan fuskokin da ke allo. Babbar asarar a wani wuri take: saba ba za ta iya naɗar taro ko rubuta abin da ake faɗa ba, kuma wakilin da ke ƙauye ba zai shiga ta kiran waya na yau da kullum ba, tunda sai an buɗe muryar kafin a miƙa ta ga layin tarho. Sai a yanke tun kafin taro: ko kulle, ko shi.

Ko da kullen ya cika, saba na ganin wa ya shiga, daga wane adireshin IP, yaushe, da tsawon zamansa. Tana ma sanin wa ke magana, don ƙarfin murya na tafiya a goshin fakiti ta iya zaɓar wanda za ta nuna. Waɗannan bayanan mutane ne da suka shafi aikin HAPDP, hukumar kare bayanan mutane ta Nijar, saboda haka mai girka manhajar taro irin Jitsi a sabarsa ya ƙayyade kwanakin da rajistar za ta yi kafin a share. Ya kuma buɗe ƙofar UDP 10000 da murya da hoto ke bi, ya kafa TURN, sabar da ke zagaya da su in an toshe, a kan ƙofa 443, in ba haka ba ma'aikatan da katangar ofishinsu ta toshe UDP za su ga sunayen juna kawai.