Na haddace sunayen, ban taɓa zana sarƙar ba

Ranar Asabar bayan isha'i na tarar da ɗan yayata a ƙofar gida a Jekadafari, littafin tsofaffin tambayoyin WAEC a cinya, waya a hannun hagu, yana rera sunayen sinadaran kemistiri, miten, iten, furofen, buten, kamar mai tilawa. Na miƙa masa biro na ce ya zana mini buten. Ya ce, "Kawu, ai ba sai na zana ba, na riƙe lissafin a ka." Sai na ji gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin wannan magana.

Ni ma haka na yi kemistiri, da hadda. A dangogin sinadaran kabon (C) da haidirojin (H), na san alken CnH2n+2 ne, alkin CnH2n, alkain CnH2n-2, ko cikin barci aka tashe ni zan kawo su. Amma ban san dalili ba. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce kabon hannu huɗu gare shi, haidirojin ɗaya, kuma duk lissafin nan daga nan ya fito. Ko kuwa an faɗa, ni ne hankalina ke wani wuri, Allah ne masani. Mun haura tamanin a aji, ɗakin gwaje-gwajenmu kullum a kulle, malami ya cika allo mu kwafa. Ruwan buromin da ake cewa launinsa na gushewa in ya haɗu da alkin, a littafi kawai na san shi. To me yaro zai yi in ba hadda ba? Sai dai akwai wanda muke benci ɗaya da shi, allo ɗaya muka kwafa, shi kullum yana zane a bayan littafi muna masa dariya. Yau likita ne.

Har yanzu ina ganin tambayar da ta kayar da ni. An zana kabon huɗu a jere, aka rataya wasu biyu a ƙarƙashin na biyu. Na ƙirga na miƙe, na rubuta 2-etilbuten, ina murna. Ashe sarƙa mafi tsawo ake bi ko da ta lanƙwasa: kabon biyar ne, reshe ɗaya a na uku, sunansa 3-metilfenten. Da na sa yatsa na bi layin da na gani. Irinta sun yi yawa a takardar, sakamako ya fito ba kiredit, maganar jami'a ta tsaya. Mahaifinmu ya ce in sake zama, na ce shago ya fi. Wani lokaci nakan ce talauci ne ya hana, alhali kuɗin rajistar yana hannunsa. Kunya ce da zuciya.

Abin da ke ci mini rai shi ne yanzu gas ɗin girki nake aunawa mutane, wato furofen da buten ɗin nan dai. Itain kuwa, wato C2H2, iskar walda, a wajen maƙwabcina mai walda na gane shi. Ya jefa kabaid a tulun ƙarfe, ya zuba ruwa, iskar ta taso. Da ya kunna sai baƙin hayaƙi, domin C2H2 kabon ya yi masa yawa, bai samun iskar da zai ƙone sarai. Yana buɗe tulun oksijin wutar ta koma shuɗiya, zafinta ya haura digiri 3,000, tana yanka ƙarfe. Na tsaya ina kallo, ina da shekara talatin da wani abu.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, amma kaɗan ce ta rage. Ku daina hadda. Ku ɗauki takarda ku zana, kowane kabon ku ƙirga masa hannu huɗu. Alken hannayensa duk a cike suke, shi ya sa kulorin sai da hasken rana yake tumɓuke haidirojin ɗaya ya maye gurbinsa. Alkin yana da haɗi biyu tsakanin kabon da kabon, ɗaya ya buɗe baƙo ya shiga. Wanda ya ga wannan a zane ba ya rikita musanya da ƙari.

Amma sunaye goman farko, daga miten zuwa deken, dole ku haddace su, babu wata dabara. Kuma ku ajiye wayar nan! Kuna da bidiyon gwajin buromin a aljihu, abin da mu ba mu taɓa gani ba, kun ɓige da jiran amsar sata a WhatsApp daren jarrabawa. Tun 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. In aikin ya kankama wa za a ɗauka, wanda ya kasa zana buten?

Yaron dai ya karɓi biron yana ƙunƙuni. Ya ba wani kabon hannu biyar, na sa ya goge. A karo na uku ya ɗago ya ce, "Kawu, ai kabon huɗun nan za su iya zama iri biyu." Na ce ya zana na biyun, gobe kuma fenten, shi iri uku ne.